Kafin a Ƙara Sayen Irin Furen Fasa-Dutse a Kumasi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ni tsohon mai lambu ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma ban saba rubuto wa jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani fure ne da na yi wa hidima shekara 17 a ƙasar Ingila, wanda yanzu na ga ana tallarsa ga yaranmu a waya, suna zuba kuɗin guminsu a kansa. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, maganar ce ba ta gajartuwa.

Wata uku da suka wuce, ɗan ƙanwata da ke sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titi wajen Ahodwo ya shigo mini bayan la'asar riƙe da 'yar leda. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan, ko hannuna ne ba shi da kyau." A cikin ledar akwai ƙananan fakiti shida, kowanne da hoton fure ya lulluɓe dutse kamar an shimfiɗa darduma, wani ja, wani fari, wani ruwan hoda, ɗaya kuma shuɗi. Wata hajiya ce da ta gama sabon gida ta ga hoton a Facebook, ta ce irinsa take so a ƙofar gidanta kafin bikin 'yarta. Yaron ya haɗa kuɗi da abokansa biyu suka yi oda ta intanet, suka jira wata ɗaya da rabi kafin kayan su iso. Ya ɗebi kaɗan daga fakiti biyu ya shuka a baƙar ƙasa, yana ban ruwa safe da yamma, sati huɗu ko ɗigo bai fito ba. Da na sa tabarau na karanta abin da ke rubuce a jiki, sai na ga Saxifraga, sunan da na sani kamar yunwar cikina.

Na zazzage fakitin ɗaya bayan ɗaya a kan farar takarda. Huɗu daga ciki ƙwayoyinsu sun kai girman riɗi, wasu ma har gero. Wannan kaɗai ya isa shaida, domin irin wannan fure na gaskiya kamar ƙura yake, in ka yi numfashi da ƙarfi kusa da shi ya tafi. Mai hoton shuɗin nan kuwa ƙarya ce tun daga hoton. Dangin nan suna yin fari, rawaya, ruwan goro, ja, ruwan hoda da shunayya, amma babu mai shuɗi irin na bula a cikinsu; kwamfuta ce ta rina shi. Sauran biyun ne kawai suka yi kama da na gaske. Sai na ce masa, "Ɗana, hannunka lafiya lau. Ko da duk shidan na ƙwarai ne, ƙarshen maganar ɗaya ne, sai dai ɓacin ran ya zo a makare."

Sunan daga Latin ya fito, kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya dutse, ɗaya fasawa. Shi ya sa tun ina can nake kiransa fasa-dutse, yadda muke da fasa-ƙwari a wurin masu kayan yaji, kuma da wannan sunan zan ci gaba. Masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya tabbatar da sunan a 1753, kuma yau an san nau'i fiye da 400. Wasu sun ce an sa masa sunan ne don yana fitowa daga tsagar dutse kamar shi ya fasa ta, wasu kuma sun ce don Turawan dā suna shan sa saboda tsakuwar mafitsara. A nan zan ja kunne. Akwai wata ciyawa tamu, geron tsuntsaye, mai 'yan ƙwayoyi jere a ƙarƙashin ganye, wadda masu maganin gargajiya ke sayarwa, ita ma in za a faɗe ta da Turanci mai fasa dutse ake ce mata. Ba danginsu ɗaya ba, ko kusa. Kada wani ya ji sunan ya ce zai shuka wannan don magani.

Gidansa na asali kan tsaunuka ne masu dusar ƙanƙara da ƙasashen can ƙuryar arewa: Alps, Pirenis da ke tsakanin Faransa da Sifen, Kokasas, Himalaya da yammacin ƙasar Sin. A nahiyarmu sai ka je wurare irin tsaunukan Atlas na Maroko. Akwai wani mai fure shunayya, oppositifolia, da aka samu yana tsiro a tsayin mita 4,505 a kan tsaunin Dom na Suwizalan. Shi ne kuma yake fitowa a wani ɗan tsibiri a ƙarshen arewacin Girinlan, inda daga nan babu sauran ƙasa sai teku mai daskarewa, kuma shi yankin Nunavut na Kanada ya ɗauka a matsayin furensa. To, a kwatanta da mu. Kumasi ba ta wuce mita 250 da 'yan kai sama da teku ba. Afadjato, da yaranmu ke karantawa a makaranta a matsayin tsauni mafi tsayi a Ghana, mita 885 ne. Zafi kan ragu da kamar digiri 6 a duk mita 1,000 da ka hau, ke nan ko ka ɗauki tukunyarka ka kai ta ƙololuwar Afadjato, sassaucin da ka samo mata bai wuce digiri 4 ba.

Na sauka Ingila a 1992. Bayan 'yan watanni ina buga-buga, wani ɗan'uwa ya haɗa ni da wani lambun renon tsirrai a yankin Yorkshire, inda ba a shuka komai sai furannin tsauni. Mai wurin wata dattijuwa ce, ita ce uwar ɗakina har na dawo gida. Wata shida na yi ina wankin tukwane da tankaɗen tsakuwa kafin ta bari in taɓa tsiro. Ranar da ta danƙa mini tukwane 40 na fasa-dutse ta ce su ne nawa, na dube su zaune cikin tsakuwa, ƙasar da ko gyaɗa ba za ta yi a ciki ba, sai tausayinsu ya kama ni. Ni ɗan zango ne da ya taso yana ganin mahaifinsa na noman alayyafo da latas a bakin rafin Aboabo, a wurinmu shuka taki da ruwa take so. Sai na riƙa ƙara musu ruwa da yamma, na ɗan barbaɗa taki ba tare da na faɗa mata ba. Sati uku suka yi kore shar, suka kumbura, ina ta murna. A sati na biyar ta zo ta sa yatsa biyu ta ɗaga ɗaya, sai ya taso gaba ɗaya kamar hula, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, yana wari. Cikin 40 ɗin, 9 suka tsira. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Wannan yunwa ba ta kashe shi, ƙoshi ke kashe shi." Ta sa na wanke tukwane 31 ɗin da hannuna, kuma daga ranar ta fara koya mini aikin da gaske.

Masu sana'ar sun kasa su gida-gida, amma uku muka fi aiki da su. Akwai masu azurfa. Ganyensu a jere yake zagaye, kamar kan abarba in ka dube shi daga sama, bakin kowane ganye da fari-fari kamar an ɗiɗɗiga alli. Akwai 'yan ƙofofi ne a gefen ganyen da ke fitar da ruwa mai farar ƙasa a ciki, ruwan ya bushe ya bar ta. Su ne masu haƙuri, suna jure rana fiye da sauran, suna fure wajen Mayu da Yuni. Akwai masu matashi, da ake kira Kabschia, ƙananan ganye masu tauri cunkushe wuri guda, in ka danna da yatsa kamar ka danna dutse. Kafin ɗaya ya kai faɗin tafin hannu yana iya cin shekara biyar. Su ke fara fure, tun Fabrairu da Maris sanyi na cizo, kuma su ne masu wuyar sha'ani: ranar tsaka guda ɗaya a lokacin zafinsu ta isa ta ƙona matashi, ya yi ja kamar an ɗora masa dutsen guga. Mutanen ƙasar Cek sun yi suna wajen fitar da sababbin launukansu, kuma a lambun Waterperry kusa da Oxford akwai babban tarinsu. Na uku su ne masu laushi kamar gansakuka, waɗanda wani Bajamushe mai lambu, Georg Arends, ya yi ta haɗa aurensu har aka sa wa na kasuwa sunansa. Su ne a hotunan da aka yaudari yarona da su. Inuwa-inuwa suke so da ɗan danshi, kuma bayan shekara biyu ko uku tsakiyarsu kan bushe, sai an raba an sake dasawa.

Ga ƙasar da muke haɗa musu: kashi ɗaya ƙasar lambu tankaɗaɗɗiya, kashi ɗaya ruɓaɓɓen ganye, kashi biyu tsakuwa mai kaifi wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Masu azurfa da masu matashi a ƙara musu ɗan dakakken dutsen farar ƙasa. Gwajinta a hannu yake. Ka jiƙa, ka dunƙule a tafinka, ka buɗe. In ta tsaya kamar curin fura ba ta yi ba, sai in ta wargaje da kanta. In ka zuba ruwa a tukunya kuma ka ƙirga goma yana nan kwance a sama, juye ka sake haɗi. Tukwanen yumɓu muke amfani da su, a binne su har wuya cikin yashi a kan teburi, sai a riƙa jiƙa yashin, tukunyar ta tsotsa ta jikinta, saiwar ta zauna cikin sanyi. Bayan an dasa, a tura tsakuwa zalla ƙarƙashin ganyen, zagaye da wuyan tsiron, domin wuyan nan ne makasarsa, in ya kwana a jiƙe ruɓa ta shiga. Ba a zuba masa ruwa ta ka, bakin buta ake kaiwa gefen tukunya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarar farko shi ne ɗakin gilashin. Ina zaton don ɗumi ake gina irinsa. Ashe nasu babu abin ɗumama ɗaki a ciki, tagogi a buɗe dare da rana har cikin Janairu, ina aiki da safar hannu biyu yatsuna na sandarewa. Rufin don ruwan sama kawai aka yi shi. A kan tsauni tsiron yana kwana watanni ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ita kuwa dusar nan bargo ce busasshiya, tana kare shi daga iska, ba ta jiƙa shi sai ta fara narkewa. Sanyin Ingila bai dame shi ba. Yayyafinta na hunturu, wanda ba ya ƙaƙƙautawa, shi ne ajalinsa.

Yaɗa shi da yanka ya fi sauƙi. Bayan fure ya zube, a sa reza a cire kai ɗaya da ɗan kara a ƙasansa, a tsige matattun ganye, a soka a yashi mai danshi cikin inuwa, bayan sati shida zuwa takwas ya yi saiwa. Iri kuwa ba a rufe shi da ƙasa. Barbaɗawa ake yi a kan 'yar tsakuwa, a bar tukunyar a waje sanyi ya dake ta, sai ya tsiro idan gari ya fara sakewa. Da yawansu in ba su sha sanyin nan ba barcinsu za su ci gaba da yi. Abokan gabarsa biyu ne da ba na mantawa da su: tsutsar wani baƙin ƙwaro da ke cinye saiwa ta ƙasa, ba ka ankara ba sai matashi ya faɗo a hannunka, da tsuntsaye masu yayyaga shi suna neman abinci. Akwai kuma wani dutsen farar ƙasa mai ramuka kamar soso, tufa ake ce masa, da ake hudawa a cusa ɗan tsiro a ramin, saiwar ta ratsa cikin dutsen kansa. A nan ne za ka ga sunan ya dace da mai shi.

Amma wanda ya zauna mini a zuciya shi ne longifolia, ɗan tsaunukan Pirenis. Kai ɗaya tak yake yi, ba ya fitar da 'ya'ya a gefe kamar 'yan'uwansa. Kowace shekara yana ƙara faɗi, dogayen ganye sirara masu bakin azurfa a jere kamar saƙar faifai, har ya kai faɗin faranti. Na shuka ɗaya daga iri a shekarar da aka haifi 'yata ta biyu a nan Kumasi, ina can ban sami zuwa sunanta ba. Na dasa shi a tsagar wani bangon dutse, a kishingiɗe yadda ruwa ba zai zauna a tsakiyarsa ba, kuma duk safiya kafin in kama aiki sai na biya na dube shi, ina ƙirga shekarun yarinyar da shi. A shekara ta shida tsakiyarsa ta kumbura, ya fitar da zangarniya mai tsawon fiye da kamu guda, ta sunkuyo daga bangon ɗauke da ɗaruruwan fararen furanni. Sati uku masu sayayya na tsayawa kallo. Daga nan ya yi iri, ya bushe ƙurmus. Haka Allah ya halicce shi, sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. Na san da haka tun ranar da na shuka shi, amma ranar da na cire busasshen daga bangon sai da na koma bayan rumfa na zauna ni kaɗai. A watan ne na nemi hutu na zo gida na ga iyalina.

Kafin in dawo gaba ɗaya na je lambun Kew a Landan, na ga ɗakin furannin tsauni da suka buɗe a 2006. Dogo ne sama, an gina shi yadda iska mai zafi za ta fice ta ƙololuwa, a ƙarƙashin ƙasa kuma akwai hanyoyin siminti da iska ke bi ta huce kafin a huro ta kan tsirran. Wato ko Landan, da muke kuka da sanyinta, ta yi wa waɗannan zafi.

Duk da na ga wannan da idona, da na dawo a 2009 zuciyata ba ta haƙura ba. A ƙarshen 2014 na nemi izini yadda doka ta ce, aka aiko mini da irin paniculata, wanda ya fi kowanne haƙuri cikin masu azurfa. Na sayo tukwanen yumɓu a Pankrono, na samo tsakuwa wurin masu fasa dutse na wanke ta sau uku, na barbaɗa irin, na ɗaure tukwanen a leda na sa a firjin mai ɗakina, ƙasan inda take jera sobolon da take sayarwa. Duk wanda ke Ghana a lokacin ya san dumso, wuta takan tafi yini da kwana. Na riƙa sayen ƙanƙara ina jerawa a gefensu. Bayan sati shida na fito da su cikin hunturu, a Janairu, na ajiye a baranda ta gabas inda rana ba ta wuce ƙarfe tara.

Sun tsiro, Malam Edita. Guda 23 na ƙirga, kowanne bai kai kan ashana ba. Na kira maƙwabta suka zo suna leƙe, ba su ga abin da nake gani ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu manyan cikinsu sun yi ganye huɗu. Da ruwan farko ya sauka a Maris, gari ya ɗau gumi, sai suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, wuyansu ya koma kamar jiƙaƙƙen zare. Na sa musu fanka, na rage ruwa, na riƙa mayar da su ɗaki in hadari ya taso. Na ƙarshensu ya kai makon farko na Mayu.

Ban maimaita kuskurena na Yorkshire ba, ƙasa daidai take, ruwa daidai. Garin ne bai karɓe su ba. Mutane kan ɗauka zafin rana ne matsalar, su ce a sa a inuwa, alhali daren ya fi yin ɓarna. A kan tsauni rana na iya yin zafi sosai, amma da ta faɗi sanyi ke saukowa har kusa da daskarewa, tsiron ya huta, ya adana abincin da ya haɗa da rana. A Kumasi da wuya darenmu ya sauka ƙasa da digiri 20, sai 'yan kwanaki cikin hunturu. Tsiron ba ya samun hutu, yana ta ƙona abin da ya tara har ya rame. Ga laima a iska da ke ba funfuna dama, matashi mai cunkoso ba ya bushewa tsakanin ruwa da ruwa. Ga damina biyu a shekara. Sannan ba mu da watannin barcin da yake buƙata kafin ya ɗaura fure, kuma yininmu kusan awa 12 ne shekara duka, shi kuwa can ya saba da dogon yini a lokacin girma da gajere a lokacin barci. Mai esi da janareta da kuɗin mai zai iya jan ransa 'yan watanni a cikin ɗaki, amma darduma a ƙofar gida irin ta hoton nan, babu ita.

Abin da hajiyar nan take so kuwa ana iya yi mata, kuma mun yi. Muka haɗa komi da kashi ɗaya siminti, kashi ɗaya yashi, kashi biyu zaren ɓawon kwakwa da muka kwaso wurin masu sayar da kwakwa a bakin titi, abin da zubarwa suke yi. In ya bushe kamanninsa kamar tsohon dutse. Da irin wannan haɗin ake kwaikwayon tsofaffin komayen shayar da dabbobi da masu furen tsauni ke rububi a Ingila. Muka huda masa ramuka biyar a gindi, muka ɗora a kan bulo, muka cika da haɗin nan mai tsakuwa, muka kafa faffaɗan duwatsu a tsaye kusa da juna yadda 'yan Cek ke yi, aka bar tsagogi a tsakani. A tsagogin muka soka yankan furen ƙarfe goma, wannan mai ganye kamar ƙwayar shinkafa da ke buɗewa in rana ta ɗaga, wanda kusan kowace tsohuwa a zango take da shi a tsohon gwangwani. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, zafi abincinsa ne, kuma yana yin ja da fari da rawaya da ruwan hoda. A tsakiya muka sa kariya guda, a kusurwa alobera. (Ruwan kariya dafi ne, a kiyaye yara da awaki.) Cikin sati bakwai duwatsun suka lulluɓe, kuma a gaban komin aka ɗauki hotunan amarya.

Wannan ne nake so masu sayar da fure a bakin titunanmu su ɗauka. Kusan kowa baƙar ƙasa mai danƙo yake cusawa a baƙar leda, ko dashen mangwaro ne ko kaktus. Mai saye ya kai gida, ruwan Yuni ya sauka, saiwa ta ruɓe, ya dawo yana cewa an cuce shi. Kwano biyu na tsakuwa da rami a gindin tukunya sun isa su raba wannan rigima. An daɗe ana kiran Kumasi birnin lambuna, kuma yaran nan da ke tsaye a rana da butar ban ruwa su ne ke riƙe da abin da ya rage na wannan suna. Suna da ƙwazo, mai koya musu ne ya yi ƙaranci.

Sai maganar doka, a taƙaice. Shigo da iri ko tsiro ƙasar nan yana buƙatar izini daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, mai babban ofis a Pokuase, ƙarƙashin dokar tsirrai da taki ta 2010. Yarona bai san da wannan ba, abokansa ma haka. Duk manomin koko ya san ciyawar Acheampong, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, ya kuma san gumin da take ci masa kowace shekara. Fakitin da aka yi ƙarya a kan abin da ke cikinsa ba abin watsawa ba ne a ƙasarmu. Na sa yaron ya ƙona duka shidan a gabana haɗe da ƙasar da ya shuka a ciki, har da biyun da nake kyautata zaton na gaske ne, kuma waɗannan biyun ba da sauƙin zuciya na sa su a wuta ba.

Akwai ɗaya cikin dangin da nake ganin ya cancanci gwaji, stolonifera, ɗan ƙasashen Sin da Jafan, mai zagayayyen ganye da jijiyoyin azurfa, bayansa ja, yana sako 'ya'ya a kan jajayen zare kamar gizo-gizo. Shi a inuwar duwatsu masu danshi yake zama, nesa da ƙololuwa, Turawa ma a ɗaki suke rataye shi. Ina roƙon masu karatu da ke wurare masu ɗan sanyi, Abetifi, Amedzofe, Aburi, da 'yan'uwanmu na Jos da Mambila a Najeriya, duk wanda yake da shi ko ya taɓa renonsa ya rubuto ta wannan shafi, ya faɗa mana wata nawa ya yi a hannunsa, a wace irin ƙasa, da yadda ya ƙetare damina. Ni kuma duk Asabar bayan azahar ina wurin yaron nan a Ahodwo, ina nuna wa abokan sana'arsa haɗin ƙasa da yin komi, ba a biyan ko sisi. Wanda zai zo ya taho da kwanon tsakuwarsa, wankakkiya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Tsohon mai lambu,
Aboabo, Kumasi